LISSAFIN KARATU: Tarihin Wata Al'ada da Muka Yi wa Riƙon Sakainar Kashi

Gabatarwa

Idan shekara ta zo ƙarshe, ɗan kasuwa ya kan zauna ya buɗe littafinsa na ciniki don ya ga ko riba ya ci ko kuwa faɗuwa ya yi. Manomi kuma ya kan ƙidaya dammunan da ya zuba a rumbu. To amma ɗalibi, wanda ba shi da wata sana'a sai karatu, da wuya ka same shi ya zauna yana lissafin littattafan da ya karanta tun daga farkon shekara har ƙarshenta. In ka tambaye shi, sai ya ambaci biyu ko uku waɗanda aka yi masa jarrabawa a kansu, sauran kuwa ya ce sun kwanta masa.

Wasu na zaton ajiye lissafin karatu wata baƙuwar ɗabi'a ce ta Turawa. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a nuna cewa al'adar tsohuwa ce a wurinmu, kuma da ita ne muka san abin da malamanmu na da suka karanta, da wanda ya karantar da su, da hanyar da littattafan suka biyo har suka iso ƙasar nan. Za mu bi sawunta tun daga ƙasashen Larabawa zuwa Tambutu, mu gangaro Kano da Sakkwato, sa'an nan mu duba yadda ta raunana bayan zuwan boko, da irin giɓin da raunin nata ya bari cikin tarihin adabinmu. Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya.

Asalin al'adar

Tun farkon Musulunci malaman hadisi suka kafa ƙa'idar cewa ba a karɓar magana sai an san daga bakin wa ta fito, shi kuma daga wa ya ji, har a kai tushe. Wannan jerin sunaye shi a ke kira isnadi, ko salsala. Da tafiya ta yi nisa sai ƙa'idar ta wuce kan hadisi ɗaya ɗaya ta hau kan littattafai sukutum. Watau bai isa mutum ya ce ya karanta littafi kaza ba, sai ya faɗi malamin da ya karanta a gabansa, shi kuma malamin ya ba shi izinin karantar da shi, wanda a ke kira ijaza.

Da ya ke ɗalibi ɗaya ya kan zauna gaban malamai masu yawa, ya karanta littattafai barkatai, tilas ta sa ya riƙa rubutawa don gudun mantuwa. Daga nan aka sami wani nau'in rubutu mai zaman kansa, wanda mutanen Andalus da na Magrib su ke kira fihirisa ko barnamaj. A cikinsa malami ya kan jera malamansa, da littattafan da ya ɗauka wurin kowannensu, da yadda ya ɗauka: ko shi ya karanta malam na saurare, ko malam ya karanta shi yana ji, ko kuwa izini kawai aka ba shi. Mafi shahara daga cikinsu ita ce fihirisar Ibn Khair, mutumin Ishbiliya ta ƙasar Andalus, wanda ya rasu a 1179. Ya lissafa littattafai fiye da 1,000 tare da salsalarsu, har ya zama masu binciken tarihin Andalus a yau suna dogara da ita wajen sanin abin da a ke karantawa a can a zamaninsa.

Ya kamata a bambanta wannan da irin aikin Ibn Nadim, mai sayar da littattafai a Bagadaza, wanda ya tsara littafinsa *Al-Fihrist* a wajejen shekarar 987. Shi ƙoƙarinsa shi ne ya lissafa dukan littafin da ya san an rubuta da Larabci. Fihirisar da mu ke magana a kanta kuwa ta mutum ɗaya ce, tarihin idonsa da kunnensa. Da ya ke mazhabar Malikiyya da yawancin littattafanta ta hanyar Magrib suka shigo Afirka ta Yamma, ba abin mamaki ba ne da wannan al'ada ta ƙetaro Sahara tare da su.

Tambutu: Ahmad Baba da malaminsa

A ƙarni na 16 Tambutu ita ce babbar cibiyar ilmi a wannan yanki. Matafiyin nan da Turawa ke kira Leo Africanus, wanda aka buga littafinsa a 1550, ya ba da labarin cewa cinikin littattafai a garin ya fi na kowace haja riba. Daga cikin malaman da garin ya haifa babu wanda sunansa ya kai na Ahmad Baba, wanda aka haifa a 1556 ya rasu a 1627.

A cikin littafinsa *Nailul Ibtihaj*, inda ya tara tarihin malaman Malikiyya, Ahmad Baba ya kawo labarin malaminsa Muhammad Bagayogo, Bawangare. Da ya zo kansa sai ya shiga lissafin abin da ya karanta a wurinsa cikin shekara 10 ko fiye da ya yi yana binsa. Ya ce ya sauke *Muhtasar* na Halil a gabansa wajen sau 8. Ya karanta *Muwaɗɗa* ta Imamu Malik karatun fahimta. *Tashil* na Ibn Malik, littafin nahawu, shekara 3 ya yi yana tuƙarsa. Ya kuma ambaci littafin usulu na Subki tare da sharhin Mahalli, da *Alfiyya* ta Iraƙi kan ilmin hadisi, da littafin tauhidi na Sanusi, da *Hikam* na Ibn Aɗa'illah, da wasu da dama.

Mai karatu ya lura da abin da wannan lissafi ya ƙunsa. Akwai sunan littafi, akwai sunan malami, akwai adadin saukewa, akwai tsawon lokacin da aka ɗauka, akwai kuma irin karatun da aka yi, ko na bincike ne ko na wucewa. Wanda ya sauke littafi ɗaya sau 8 ai bai damu da a ce ya karanta littattafai da yawa ba, abin da ya dame shi shi ne littafin ya zauna masa. Har ila yau Ahmad Baba ya faɗi halin malamin nasa game da ba da aro: ya kan miƙa wa ɗalibi littafi mai tsada, ko da bai san daga inda ɗalibin ya fito ba, kuma ba ya bin sawu, har ya yi hasarar littattafai da yawa ta haka.

Amfanin wannan lissafi ya fito fili bayan masifar da ta auka wa garin. A 1591 rundunar Maroko ta ci daular Songhai, a 1594 kuma aka kwashi Ahmad Baba da danginsa a ɗaure zuwa Marrakush, bai komo gida ba sai a 1608. An ruwaito cewa ya yi kukan an wawashe masa littattafai 1,600, alhali shi ne mai mafi ƙarancin littattafai a cikin danginsa. Taskar ta watse, amma 'yan layukan da ya rubuta game da karatunsa sun tsira, har Abdurrahman Sa'adi ya ɗebo su ya sa cikin *Tarikhus Sudan* a tsakiyar ƙarni na 17. Da su ne masana ke gane manhajar karatun Tambutu ta wancan zamani.

Kano: gari ya riƙe lissafin littattafansa

Idan muka gangaro ƙasar Hausa, za mu ga wani abin sha'awa a cikin tsohon littafin *Tarihin Kano*, wanda aka tattara da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, H. R. Palmer ya fassara shi da Turanci a 1908, aka kuma sa fassararsa ta Hausa cikin *Labarun Hausawa da Maƙwabtansu*. Galibin abin da ke cikinsa labarin sarakuna ne da yaƙe-yaƙe. Duk da haka marubucin bai ƙyale zuwan littattafai ba, ya ɗauke shi babban al'amari daidai da cin gari ko gina ganuwa.

Ya ce a zamanin Sarki Yaji (1349–1385) Wangarawa suka zo daga Mali da addinin Musulunci. A zamanin Yakubu (1452–1463) Fulani suka zo da littattafan tauhidi da na lugga, alhali kafin nan abin da malaman gari ke da shi Alƙur'ani ne da littattafan fiƙihu da hadisi. A zamanin Muhammadu Kisoki (1509–1565) wani Shehu mutumin Tunis ya kawo *Ashafa* ta Alƙali Iyal, Shehu Abdussalami kuma ya kawo *Mudawwana* da *Jami'us Sagir* da *Samarƙandi*. Sa'an nan ya ce Abubakar Kado (1565–1573) shi ne sarkin da ya fara karanta *Ashafa*, a gidan Ɗan Gorondumo, shi ne kuma ya sa 'ya'yan sarki karatun Alƙur'ani.

Ko da masana sun yi saɓani game da daidaiton wasu shekarun, abin lura shi ne mutanen Kano sun riƙe sunan littafi, da sunan wanda ya kawo shi, da sarkin da ya fara karanta shi, da gidan da aka yi karatun, har tsawon shekara 300 kafin a rubuta. Wannan ya nuna matsayin da littafi ke da shi a idonsu.

Fodiyawa: *Ida'un Nusukh*

Mafi cikar lissafin karatu da muka gada a wannan ƙasa shi ne na Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, wanda ya rasu a 1829. A shekarar 1227 ta Hijira, daidai da 1812, bayan ƙurar jihadi ta fara lafawa, ya rubuta wani ɗan ƙaramin littafi mai suna *Ida'un Nusukh*, don ya ambaci shehunan da ya ɗauki ilmi a wurinsu.

Ya fara da mahaifinsa, wanda ya karantar da shi Alƙur'ani. Yana ɗan shekara 13 aka danƙa shi a hannun wansa, Shehu Usmanu. A wurinsa ya karanta *Ishiriniya* da *Witiriya* da waƙoƙin shu'ara'u 6 na zamanin jahiliyya. Ya ɗauki tauhidi daga littattafan Sanusi, nahawu daga *Ajurumiyya* da *Mulha* da *Ƙaɗrun Nada*, fiƙihu daga *Ahalari* da *Ishmawi* da *Risala*. Ya ji tafsirin Alƙur'ani daga Fatiha har ƙarshe ba sau ɗaya ba, ya kuma karanta ilmin hadisi da na hisabi. Bayan wannan ya bi sauran malamansa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da littafin da ya ɗauka a wurinsa. Duk wanda ya taɓa zama a zauren makarantar ilmi zai ga cewa yawancin waɗannan sunaye ba baƙi ba ne a kunnensa.

Malam Abdullahi bai tsaya kan kansa kaɗai ba, ya rubuta har da karatun Shehu. Daga gare shi muka san cewa Shehu ya karanta *Muhtasar* wurin ɗan'uwan iyayensa Usmanu Binduri, ya kuma yi koyi da halayensa na horo da alheri da hani ga mummuna. Muka san ya zauna da Malam Jibrilu ɗan Umaru wajen shekara guda, ya bi shi har Agadas, sa'an nan ya komo gida da malamin ya nufi Makka, domin mahaifinsa bai yi masa izinin tafiya ba. Muka san kuma cewa su biyun sun ɗauki *Buhari* wurin Alhaji Muhammadu ɗan Raji a 1201 ta Hijira, wajejen 1786. Shi kansa Shehu ya bar littafin salsalarsa mai suna *Asanidul Faƙir*, inda a ke ganin hanyoyin ruwayarsa, waɗanda wasunsu suka bi ta kan Malam Jibrilu zuwa ga Murtala Zabidi na Alƙahira, mai babban ƙamus ɗin nan *Tajul Arus*, wanda ya rasu a 1791. Ashe ke nan ɗalibin da ke zaune a Degel yana da igiyar da ta haɗa shi da manyan malaman Masar na zamaninsa.

A 1957 Mervyn Hiskett ya buga nassin *Ida'un Nusukh* tare da fassarar Turanci a mujallar makarantar nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan. Tun daga lokacin ya zama madogara ga duk mai son ya san matsayin ilmi a ƙasar Hausa kafin jihadin 1804. Mai cewa ƙasar nan duhu ce kafin zuwan Turawa, ko kafin jihadi, 'yan warƙoƙin nan sun isa su ba shi amsa, domin ga sunayen littattafai, ga sunayen malamai, ga garuruwansu.

Don a ga bambanci tsakanin abin da aka rubuta da wanda aka bari, sai a dubi wannan. Da Baturen nan Clapperton ya komo Sakkwato a 1826, ya kawo wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kyautar littattafan Larabci, har da littafin lissafi na Uƙlidis, Bayunane. Bello ya shaida masa cewa gidansu sun taɓa mallakar littafin, wani ɗan'uwansu ya zo da shi daga Makka, amma gobara ta cinye shi. Wannan labari daga littafin tafiyar baƙon muka same shi. Sai mutum ya tambayi kansa, littattafai nawa ne irin wannan suka shigo ƙasar nan, aka karanta su, suka ɓace, ba wanda ya rubuta sunansu?

Shekara da littattafanta

Lissafin Ahmad Baba da na Malam Abdullahi na tsawon rai ne, ba na shekara ɗaya ba. Amma ita ma shekara tana da tsarinta a wurin mutanen da, har watanni suka zama kowanne da littafinsa. In azumi ya kama, sai tafsiri, galibi da *Jalalaini*, mai jan baƙi na ja malam na fassarawa, a kuma karanta *Ashafa* a masallatai da zauruka. In watan Mauludi ya tsaya, sai *Ishiriniya* da *Alburda*. Saboda haka mutum na iya auna shekarunsa na karatu da yawan azumin da ya zauna tafsiri, ko yawan saukar da ya halarta.

Bayan wannan, shi kansa littafin ya kan ɗauki tarihinsa. Takarda tsada gare ta, daga Italiya a ke kawo mafi yawanta ta hanyar Tarabulus, kuma kowane littafi da hannu a ke juyarsa. In mai juya ya kai ƙarshe, sau da yawa ya kan rubuta sunansa, da sunan wanda ya juya wa, wani lokaci har da rana da wata da shekarar da ya gama, ya roƙi mai karatu addu'a. Wanda ya mallaki littafin ya kan sa sunansa, ɗalibi kuma ya cika gefen shafi da bayanin da ya ji daga bakin malam. In aka sauke babban littafi sai a yi walima, jama'a su shaida. Kafin a mai da warƙoƙin cikin tadarishi a sa a gafaka, littafin ya riga ya zama shaidar wanda ya karanta shi.

Wajibi ne kuma mu faɗi inda wannan lissafi na mutanen da ya gaza. Abin da ke ba mutum izinin karantarwa shi a ke rubutawa. Waƙoƙin ajami na Hausa da Fulatanci, waɗanda su ne karatun talakawa, ba su cika shiga ciki ba. Haka nan karatun mata. Mun san Nana Asma'u (1793–1864) ta wallafa waƙoƙi da harsuna 3, ta kuma kafa tsarin 'yan taru, inda jajis-jajis ke kai waƙoƙinta ƙauyuka suna koya wa mata, amma dubban matan da suka haddace su ba su bar mana lissafi irin na Malam Abdullahi ba.

Zuwan boko

Da Turawa suka kafa makarantunsu, sai buƙatar littattafan Hausa na boko ta taso. Hukumar Fassara, wadda daga baya ta zama Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin Dokta R. M. East, ta shirya gasar ƙaga labari a 1933. Daga gasar aka sami *Ruwan Bagaja* na Abubakar Imam, da *Ganɗoki* na Bello Kagara, da *Shaihu Umar* na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da *Idon Matambayi* na Muhammadu Gwarzo, sa'an nan *Jiki Magayi* na John Tafida da East. *Magana Jari Ce* ya fara fitowa a 1937, jaridar *Gaskiya Ta Fi Kwabo* a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. A shekarun 1950 aka ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta yi ta buga ƙananan littattafai da jaridun larduna irin su *Sodangi* ta Kano, da *Himma* ta Katsina, da *Zaruma* ta Sakkwato, da *Bazazzaga* ta Zariya. A 1966 aka kafa kamfanin NNPC na Zariya ya ɗora daga nan.

Masu karatu sun yawaita fiye da kowane zamani da ya wuce, amma lissafin karatu sai ya ja baya. Ana iya kawo dalilai 3. Na farko, littafin ɗab'i kwafinsa dubbai ne kuma duk iri ɗaya, saboda haka babu mai tambayarka daga hannun wa ka karɓa. Na biyu, takardar shaidar makaranta ta maye gurbin ijaza, ita kuwa ba ta faɗin littattafan da ka karanta ko malamin da ya karantar da kai, iyakarta ta ce ka ci darasi kaza da daraja kaza. Na uku, an raba karatu gida biyu, na jarrabawa da na hira. Na jarrabawa hukuma ce ke riƙe da jerinsa, na hira kuwa ba a ɗauke shi abin da ya cancanci a ɓata tawada a kansa ba.

Sakamakon haka shi ne tarihin adabin Hausa na boko ya zama tarihin marubuta da maɗaba'u. Littafin Ibrahim Yaro Yahaya, *Hausa a Rubuce*, wanda ya fito a 1988, ya tattara mana abin da aka wallafa da waɗanda suka wallafa. Amma in aka tambaya me malamin firamare a Gusau ya karanta a 1955, ko wane littafi ne 'yan makarantar midil suka fi so, ko ta wace hanya littafi ya kan bi daga hannu zuwa hannu a ƙauye, sai a koma ga tunanin tsofaffi, su kuwa kullum raguwa su ke yi.

Ko game da manyan marubutan ma haka abin ya ke. An san Abubakar Imam ya zauna a Zariya wajen wata 6 a 1936, East ya tara masa littattafan tatsuniyoyi na Larabawa da na Turawa da na Gabas, ya karanta ya gina *Magana Jari Ce*. An san kuma *Muƙamar* Hariri ta yi tasiri a kan *Ruwan Bagaja*. Duk da haka sai da manazarta suka shafe shekaru suna bin labaran ɗaya ɗaya, suna gwada su da na *Dare Dubu da Ɗaya* da *Kalila wa Dimna* da tatsuniyoyin 'yan'uwan nan Grimm na Jamus, kafin su gane tushen da yawa daga cikinsu.

Daga tsakiyar shekarun 1980 aka sami ambaliyar littattafan da a ke kira adabin kasuwar Kano, inda marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suka yi suna. Matan aure da 'yan mata a cikin gidaje suka zama manyan masu karatu, shagunan hayar littafi suka buɗe a unguwanni. Da yawa daga littattafan nan babu shekarar bugu a jikinsu, takardarsu kuma ba ta da ƙarko. Mai shagon haya ya kan rubuta wanda ya ɗauka da ranar da zai mayar, amma in littafin rajistar ya cika, ƙarshensa wurin mai ƙosai. Yanzu kuma da karatu ya koma cikin wayar hannu, labari na iya zagaya dubban mutane ya ɓace ba tare da ya bar ko da yagaggen bango ba.

Kammalawa

Mun ga cewa abin da ya sa muka san karatun Tambutu na ƙarni na 16, da na Degel na ƙarni na 18, shi ne wasu mutane sun zauna sun rubuta abin da suka karanta. Mun ga kuma cewa zamanin da ya fi kusa da mu, wanda masu karatu suka fi yawa a cikinsa, shi ne muka fi jahiltar masu karatunsa. Larabawa na cewa abin da aka rubuta shi ke tabbata, wanda aka bar wa ƙwaƙwalwa kuwa gudu ya ke yi.

Gyaran wannan ba ya bukatar kuɗi ko izinin hukuma. Littafin rubutu guda ya isa. Duk littafin da ɗalibi ya ɗauka, ya rubuta sunansa da na mawallafi, da inda aka buga da shekara in akwai, da ranar da ya fara da ranar da ya gama. Ya yi koyi da magabata ya ƙara da wanda ya ba shi aro ko ya nuna masa shi, da wanda suka karanta tare, da ko karatu na nawa ke nan. Sa'an nan ya sa layi 2 ko 3 na ra'ayinsa, ko da kuwa cewa zai yi bai gane ba, ko ya gaji ya ajiye a tsakiya. Kada ya maimaita gazawar mutanen da: ya sa littafin soyayya kusa da na nahawu, waƙar ajami kusa da littafin Turanci, wanda ya karanta a waya kusa da wanda ya aro a laburare. In shekara ta ƙare ya duba, ya fid da 3 da suka fi kwanta masa a rai, ya faɗi dalili.

Amfanin farko nasa ne, domin zai ga inda karatunsa ya karkata da inda ya bari fayau, kuma ran da ya zo rubuta kundin digiri ba zai yi ta lalube ba. Amfani na biyu na waɗanda za su zo baya ne. Ƙungiyarmu na iya roƙon 'ya'yanta, ɗalibai da malamai, kowa ya kawo jerinsa a ƙarshen zangon karatu, a buga zaɓaɓɓu a wannan mujalla, sauran a adana. Haka kuma in an tafi hutu, kowa ya zauna da wani dattijo ko dattijuwa a garinsu ya tambaye su abin da suka karanta da ƙuruciya, ya rubuta tun suna raye. Da yayyafi kogi kan cika. Malam Abdullahi warƙoƙi kaɗan ya rubuta a 1812, ga shi bayan fiye da shekara 200 ana cin moriyarsu.

Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya jiƙan malamanmu, amin.